Yadda Za Mu Ƙara Wa Rediyo Ƙarfin Ji

Yau za mu yi magana a kan akwatin rediyo.

Tun 1962 da aka buɗe gidan rediyo na Kaduna, mutanen karkara suke jin labarin duniya da shawarar malaman gona daga bakin akwati. Amma wanda ƙauyensa yake nesa da tasha, sau da yawa sai shuu yake ji. Ya yi ta ƙara murya, batir ya ƙare, magana ba ta fito ba. To, akwai dabara, kuma ba ta da tsada.

Mu sami katako mu haɗa shi kamar bakin taga, kowane gefe ƙafa 2. Babban kwali ma ya isa. Mu nemi siririyar wayar tagulla mai rufi, kamar yadi 35. Mu naɗa ta jikin katakon sau 12, zagaye kusa da zagaye, kada wani ya hau wani.

Sa'an nan mu tafi wurin mai gyaran rediyo. Mu ce ya ciro mana abin nan na tsohuwar rediyo wanda ake murɗawa a nemi tasha, mai faranti-faranti. Mu kankare bakin wayar biyu, ya haɗa mana su da shi. Shi ke nan, eriya ta samu. Ba ta cin batir, ba a kuwa jona ta da rediyo. Kada kowa ya kuskura ya jona ta da wutar lantarki.

Mu tsayar da ita, mu kama tashar da muke so, mu ajiye rediyo dab da ita. Mu murɗa abin nan sannu sannu har murya ta tashi. Mu juya katakon har gefensa, ba fuskarsa ba, ya dubi garin da tashar take. Mu ɗan juya rediyon ita ma. Dalili kuwa, babban zagayen waya ya fi 'yar sandar da ke cikin rediyo tara maganar da ke tafe cikin iska, sai ya miƙa mata.

Abu ɗaya za mu kiyaye. Wannan eriya ta matsakaicin zango ce. Ba ta taimakon gajeren zango ko FM. Da dare kuma tashoshin nesa sun fi fitowa.

Kowane aji ya haɗa guda ɗaya. Abin da muka ji, mu rubuta shi a littafinmu, mu karanta wa na gida.