Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Duwatsu Masu Aman Wuta: Misalin Kosta Rika



Laccar yau ta shafi wata ƙaramar ƙasa ce ta Amurka ta Tsakiya, watau Kosta Rika, da irin hutun da baƙi ke zuwa yi a cikinta domin kallon duwatsu masu aman wuta da wanka a ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Za a bi matafiyi zango zango, a ga abin da idonsa ke gani, sa'an nan a duba aikin da wasu ke yi a bayan fage domin ya koma gida lafiya. Dalili kuwa shi ne, wutar da ke jawo baƙo da kuɗinsa ita ce kuma ke iya hallaka shi, saboda haka wannan sana'a ba ta ɗorewa sai inda akwai ma'aikaci mai ikon rufe ƙofa ran da ya kamata a rufe.

Ƙasar da Mutanenta

Kosta Rika tana tsakanin Nikaraguwa daga arewa da Fanama daga kudu maso gabas. Tekun Fasifik na yamma da ita, Tekun Karibiyan na gabas. Faɗinta murabba'in kilomita 51,100 ne, mutanenta sun ɗara miliyan 5 kaɗan, harshensu Sifaniyanci, babban birninsu kuwa San Hose. A shekarar 1948 shugabanta Hose Figeres ya rushe rundunar soja, aka kuma rubuta haka cikin tsarin mulki na 1949. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar an keɓe shi ya zama gandun daji da makamantansu. A da kofi da ayaba su ne ƙashin bayan arzikinta, amma a shekarar 2019 baƙi fiye da miliyan 3 suka shiga ƙasar, Amurkawa kuwa suka fi kowa yawa a cikinsu.

Asalin Wutar da Ruwan Zafi

Kafin a kama hanya, ya kyautu a san inda wutar take fitowa. Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, faifai ne manya manya masu motsi a hankali. A gaɓar Fasifik ta wannan ƙasa, faifan da ake kira Kokos yana kutsawa ƙarƙashin faifan Karibiyan da kamar santimita 8 zuwa 9 kowace shekara. In ya yi zurfi, sai ruwan da ke cikinsa ya fita ya sa dutsen da ke bisansa ya narke. Narkakken dutsen nan ya fi na kewaye da shi sauƙin nauyi, don haka yakan yi ta tasowa har ya sami kafa ya ɓullo. Shi ya sa duwatsun ƙasar suka jeru a layi ɗaya, daga arewa maso yamma zuwa tsakiya.

Ruwan zafi kuwa asalinsa ruwan sama ne. Yakan tsiyaya ta tsagogin dutse ya sauka inda ƙasa ke da zafi, ya ɗumama, ya kwaso gishiri iri iri, sa'an nan ya sake ɓuɓɓugowa a gindin dutse. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari, wanda ɗuminsa yake wajen digiri 31, ya san ɗanɗanon abin, sai dai na Kosta Rika yakan kai digiri 40, wani ma ya tafasa.

Zango na Farko: Irazu

Baƙo yakan sauka a San Hose ne, kuma ya fi dacewa ya zo tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin rani a tsakiyar ƙasar da yammacinta. Daga birnin sai ya nufi gabas zuwa Kartago, wadda ita ce hedkwata har shekarar 1823, daga nan mota ta hau da shi dutsen Irazu ta cikin gonakin dankalin Turawa da albasa da makiyayar shanun madara. Albarkar gonakin nan daga tokar dutsen take, domin toka in ta daɗe takan ruɓe ta zama ƙasa mai ƙarfi. Irazu ya fi sauran duwatsun wuta na ƙasar tsawo, mita 3,432 ne, kuma kwalta ta kai kusan bakin raminsa. Duk da cewa ƙasar ta zafi ce, wanda ya hau ba rigar sanyi zai sha wuya. Ran da sama ta washe sosai, akan hango tekunan nan biyu daga bisa.

Wannan wuri da yara ke wasa a cikinsa yau, shi ne ya tashi a watan Maris na 1963, 'yan kwanaki kafin Shugaba Kenedi na Amurka ya iso San Hose ziyara. Ya yi ta zubar da toka har 1965, mutanen birni suna yawo da laima da ƙyalle a hanci, suna share rufin gidaje kada nauyi ya rusa su. A watan Disamba na 1963 ruwan sama ya kwaso tokar da ta taru a gangare, ta zama malalar taɓo ta bi kogin Rebentado, ta rushe ɗaruruwan gidaje a gefen Kartago, ta kashe mutum kamar 20.

Zango na Biyu: Fowas

Arewa maso yamma da San Hose akwai dutsen Fowas, mai tsawon kimanin mita 2,700, wanda aka mai da shi gandun gwamnati a shekarar 1971. Hanyarsa ta ratsa gonakin kofi ne, da rumfunan masu sayar da cuku da 'ya'yan itace. Mai kallo yakan tsaya a wani dandamali ya leƙa rami wanda faɗinsa ya wuce kilomita ɗaya. A ƙasan ramin akan ga tafki mai tururi, ruwansa yana cikin mafiya tsami a duniya, warin farar wuta kuwa yana tasowa har ya sa tari.

A watan Afrilu na 2017 dutsen ya yi ta fashewa yana jefo duwatsu har kan dandamalin da baƙi ke tsayawa. Hukuma ta riga ta fitar da mutane ta rufe gandun, bai kuwa sake buɗewa ba sai ƙarshen Agustan 2018, watau wajen wata 16. Masu gidajen abinci da masu rumfunan bakin hanya sun yi hasara mai yawa, sun kuma yi ta roƙon a buɗe. Da aka buɗe, sai aka zo da sababbin ƙa'idodi: a sayi tikiti tun kafin a zo ta hanyar intanet, a shiga rukuni rukuni, kowa ya sa hular kwano, a yi minti 20 kawai a bakin rami. An gina ɗakunan fakewa na kankare, an kafa na'urori masu auna gurɓatar iska. A shekarar 2025 dutsen ya sake tashi, aka sake rufe ƙofa.

Zango na Uku: Arenal da Ruwan Tabakon

Daga San Hose tafiyar kamar awa 3 ce a mota zuwa garin La Fortuna, wanda ke gindin dutsen Arenal. Wannan dutse, mai tsawon fiye da mita 1,600, a tsaye yake da tsini kamar an zana shi, ko da yake gajimare yakan rufe kansa kwana da kwanaki, har wani baƙon ya tafi bai gan shi ba. Da rana matafiyi yakan bi turba cikin kurmi ya ga birai da tsuntsaye masu launi, ya taka busasshen dutse baƙi wanda a da narkakke ne, ya sauka kallon ruwa mai zubowa daga tsauni, ko ya shiga jirgin ruwa a Tafkin Arenal, wanda aka datse a 1979 domin wutar lantarki. Da yamma sai ya nufi kogin Tabakon, inda ruwan zafi ke gudu tsakanin duwatsu da itatuwa. Akwai otal-otal da suka tare ruwan suka yi kududdufai, wani ya fi wani zafi, ana biya a shiga. Akwai kuma inda talakan gari ke shiga kogin kyauta.

Wanka a irin wannan ruwa yana da nasa ladabi. Ba a daɗewa a ciki, mai ciwon zuciya da mace mai ciki kuwa sai sun nemi shawarar likita. Ba a kuma nutsar da kai, domin akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a ruwa mai ɗumi, wadda ke shiga ta hanci ta kai ga ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi.

Kafin shekarar 1968 mutanen wurin ba su ɗauki Arenal a kan dutsen wuta ba. Ya yi shekaru ɗaruruwa shiru, kurmi ya lulluɓe shi, manoma da makiyaya sun zauna a gindinsa. An lura ruwan maɓuɓɓugai yana ƙara zafi, ƙasa kuma ta kwana tana girgiza, amma babu wata hukuma da aka ɗora wa aikin fassara waɗannan alamu. Ran 29 ga Yuli, 1968, da safe, gefensa na yamma ya fashe. Guguwar toka mai ƙuna da ruwan duwatsu suka shafe ƙauyuka uku, Tabakon da Fuwebulo Nuwebo da San Luwis, mutum 87 suka rasu. La Fortuna ta tsira domin tana gabas.

Daga ranar nan har 2010 dutsen bai huta ba, kuma wannan rashin hutu shi ya gina garin. Baƙi suka riƙa zuwa su zauna cikin ruwan ɗumi da dare suna kallon jan dutse yana gangarowa kamar garwashi. Kowane mai otal yana so ya fi ɗan'uwansa kusa da wuta, kowane ɗan jagora yana so ya kai baƙinsa inda wani bai kai ba. A watan Agusta na 2000 guguwar toka mai ƙuna ta gangaro ta rutsa da wasu masu yawo, ɗan jagora da wata yarinya baƙuwa suka rasu. Bayan wannan ne gwamnati ta shata iyakoki kewaye da dutsen, ta bayyana inda ba a gini da inda ba a shiga. Hawa ƙololuwar Arenal haramun ne a doka.

Zango na Huɗu: Rinkon de la Biyeha

Mai sauran kwanaki yakan ƙarasa arewa maso yamma, lardin Guwanakaste, kusa da garin Liberiya. A gandun Rinkon de la Biyeha akwai wurin da ake kira Las Failas, ma'anarsa manyan tukwane, domin taɓo ne ke tafasa a ramuka yana ɓalɓal kamar talge, tururi kuma yana fita ta tsagogi. An yi shinge, wanda ya tsallake shi ƙasa na iya burmawa da shi. Sa'ad da dutsen ya farfaɗo a 2011 aka rufe turbar da ke kai mutum bakin raminsa. A wannan lardi ne kuma ake haƙa rijiyoyi masu zurfi a kamo tururi ya juya injin lantarki. Tashar farko ta fara aiki a dutsen Mirabayes a 1994, zafin ƙasa kuwa yakan ba da fiye da kashi 10 cikin ɗari na lantarkin ƙasar.

Masu Riƙe da Mabuɗi

To, su wane ne ke tsaye tsakanin baƙo da wuta? Na farko malaman jami'a ne. A shekarar 1984 Jami'ar Ƙasa da ke Herediya ta kafa cibiyar sa ido kan duwatsun wuta da girgizar ƙasa, wadda aka sani da OVSICORI, Jami'ar Kosta Rika ma tana da nata tashoshin. Suna auna motsin ƙasa dare da rana, da kumburin dutse, da yawan hayaƙi, da zafin tafkuna. Na biyu hukumar agajin gaggawa ce, wadda ke karɓar rahotonsu ta ba da gargaɗi hawa hawa, daga kore har zuwa ja. Na uku ma'aikatan gandun daji ne, waɗanda ke mayar da motocin baƙi daga bakin ƙofa.

Wahalar aikin a fili take. In an rufe dutse bai tashi ba, za a ce ma'aikaci ya toshe wa talakawa hanyar abinci a banza. In an bari a buɗe ya tashi, gawa ce za a ƙirga. Masanin da ya fi kowa ƙwarewa ma ba ya iya faɗin rana da sa'a, iyakarsa ya ce haɗari ya ƙaru. Maƙwabciyar yankin, Kolombiya, ta ga ƙarshen jinkiri: a watan Oktoba na 1985 masana suka fitar da taswirar da ta nuna garin Armero yana kan hanyar malalar taɓo daga dutsen Ruwis, ba a kwashe mutane ba, ran 13 ga Nuwamba kuwa mutum wajen 23,000 suka hallaka a yankin. Ilmin yana nan, abin da aka rasa shi ne wanda zai ba da umurni a kan lokaci.

Kammalawa

Abin da ya bambanta Arenal na 1968 da Fowas na 2017 shi ne, a na biyun akwai mai aunawa, akwai mai yanke hukunci, akwai kuma doka da ta tsaya masa sa'ad da masu hasara suka yi kuka. Ɗalibin da ke karatun ilmin ƙasa ko na mulki, da ma'aikacin da wata rana za a ɗora wa kula da gandu ko dam ko wurin shaƙatawa, ya kamata su riƙe wannan: kuɗin da aka kashe wajen na'urar awo da albashin mai karanta ta suna cikin jarin sana'ar, daidai da kuɗin gina otal. Matafiyi kuma, in ya tarar an rufe ƙofa, sai ya yi haƙuri ya nemi wani zangon.