Zaƙin da ke Cikin Tsiron Dawa



Duk wanda ya daɗe yana tauna gurasa a bakinsa ya san a hankali takan soma zaƙi, alhali kuwa ba a sa mata sukari ba. Dalili shi ne, a cikin yawunmu akwai wani sinadari mai suna amilas, wanda ke daddatsa sitaci. Shi sitaci doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin gulukos. In aka datse ta bibbiyu, sai a sami wani sukari da masana ke kira maltos. Wani Bafaranshe, Dubrunfaut, shi ya fara gano shi a 1847, sa'an nan O'Sullivan ya tabbatar da shi a 1872.

To, amma iyayenmu mata ba su jira Turawa ba. Mu dubi mai kunun zaƙi. Takan dama kashi ɗaya na ƙullu da tafasasshen ruwa, ta bari ya ɗan huce, sa'an nan ta zuba ɗanyen ƙullun da aka niƙa da tsiron hatsi ko dankali, ta rufe ya kwana. Don me take jira ya huce? Domin zafi mai yawa yakan kashe amilas ɗin da ke cikin tsiron. Da gari ya waye, kunun da ya kwana da kauri ya tsinke, ya yi zaƙi. Abin da muke yi ke nan a ɗakin gwaji, sai dai mu da ma'aunin zafi, ita kuwa da bayan hannunta.

A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje. Nan da nan masana'antun kayan sha suka koma ga dawa, har da irin nan SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Manomi shi ya noma, amma a ganinmu riba mai tsoka tana wurin mai tsirar da hatsin a masana'anta, kuma lalle ya kamata ƙungiyoyin manomanmu su nemi shiga wannan sana'a.

Akwai kuma abin lura ga masu ciwon sukari. Maltos bai kai sukarin rake zaƙi ba, sai mutum ya ɗauka ba shi da illa. Da zarar ya isa hanji, sai a raba shi gida biyu, ya shiga jini a matsayin gulukos. Saboda haka in mai kunu ta ce wa baba, "Ban sa sukari ba," gaskiya ta faɗa, amma a rage masa ludayi.