Ziyara a Gidan Tarihin Danƙo



Kowa ya san danƙo, wanda ake ce ma roba. Da shi ake yin tayar mota da ta keke. Jawabin yau bisa wani gidan tarihi ne, inda ake gwada ma baƙi yadda ake samun danƙo.

Gidan yana ƙasar Barazil, cikin Amurka ta Kudu, kusa da birnin Manawus. Sunan shi Museu do Seringal. An buɗe shi a shekara ta 2002. Da jirgin ruwa ake zuwa, don cikin kurmi yake, a bakin gulbi.

In baƙi sun sauka, sai mai jagora ya kai su gindin icen danƙo. Ya tsaga ɓawon icen da wuƙa. Sai wani farin ruwa kamar madara ya riƙa ɗiga cikin ɗan gwangwani. Daga nan sai bukkar hayaƙi. A zamanin da, nan ake zuba ruwan bisa sanda, ana juyawa cikin hayaƙi, har ya daskare ya zama ƙaton curi.

Bayan haka baƙi su shiga babban gidan ubangidan ma'aikata, su ga kayan alatu. Su ga ƴar bukkar ma'aikaci. Sannan su shiga kantin ubangida. Tarihin kantin nan shi ne abin lura.

Ma'aikata da yawa talakawa ne daga arewa maso gabashin Barazil. Babban fari na 1877 ya koro dubbansu. Tun kuɗin jirgin da ya kawo su, bashi ne. Abinci da wuƙa da fitila, duka bashi ne a kantin. Ba su da ikon saida danƙo ga kowa sai ubangida. Shi ke aunawa, shi ke yanka kuɗi, shi ke rubutu cikin littafi. Da yawansu ba su iya karatu ba. Mutum ya yi shekara yana fita tun asuba, amma bashi sai ƙaruwa yake. Kuma mai bashi ba shi da damar komawa gida.

A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kai irin icen wajen 70.000 Ingila. Daga can aka kai shi Asiya, aka dasa a gonaki. Wajen 1913 danƙon Asiya ya fi na Barazil yawa, kasuwar Manawus ta faɗi.

Ƴan'uwa manoma, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wanda ya iya karatu da lissafi ya san iyakar nashi. Ranar da kuka kai gujiya ko wake ko albasa wurin awo, ku dubi sikeli da idonku. Ku karanta takarda kafin ku sa hannu. Kada ku yi fashin zuwa makarantar yaƙi da jahilci.

Allah ya ba da sa'a.