Daga ganye zuwa allura: aikin Pierre Potier a kan maganin ciwon daji



Marigayi Dan Dicko Dankoulodo, wanda jami'ar nan ta Maraɗi ke amsa sunansa, masanin kimiyyar sinadarai ne, haihuwar 1934. A shekarar ce kuma aka haifi Pierre Potier a Faransa, mai ilimin haɗa magunguna da ya yi aikinsa a cibiyar bincike ta CNRS da ke Gif-sur-Yvette, kusa da Paris, har ya rasu a 2006. Magunguna biyu na ciwon daji sun fito daga ɗakin gwajinsa, kuma dukansu daga tsiro.

Na farkon kun san uwarsa ko da ba ku san sunanta ba. Furen nan ne da ake shukawa a ƙofar ofisoshi, mai ganye kore shar yana sheƙi, fure fari ko ruwan hoda mai kunne biyar, wanda rani bai cika damunsa ba. Asalinsa Madagaska. A Jamaika ana dafa ganyensa a sha don ciwon sukari, shi ya sa Robert Noble da Charles Beer suka gwada shi a Kanada. Sukarin dabbobin gwaji bai sauka ba, fararen ƙwayoyin jininsu ne suka zube. Daga nan aka samo vinblastine a 1958, sannan vincristine, wadda har gobe ake yi wa yara masu sankarar jini allurarta.

Matsalar ita ce sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a tace giram guda. Potier da abokan aikinsa suka lura cewa sinadarin ɓari biyu ne a haɗe, kuma kowane ɓari yana da yawa a ganyen. A shekarun 1970 suka gano dabarar ɗaure su da kansu, a kan hanya kuma suka faɗa kan sabon sinadarin da tsiron ma bai yi ba. Shi ne Navelbine, wanda ya shiga kasuwa a 1989 don sankarar huhu, daga baya ta mama.

Na biyun ya fi burge ni. A Amurka, Monroe Wall da Mansukh Wani sun bayyana taxol a 1971, daga ɓawon wani itace mai jinkirin girma. In an saɓe ɓawon, itacen ya mutu. Mu da muka ga yadda masu sassaƙe ke yi wa marke da hano mun san wannan ɓarna. Potier ya bar ɓawo ya koma kan ganyen ɗan'uwan itacen da ke Turai, wanda in an tsinke yakan sake tohowa. Ya ciro wani sinadari da ya yi kusa da taxol, ya ƙarasa ginin a ɗakin gwaji, ya sami docetaxel, wato Taxotere, da aka amince da shi a Turai a 1995.

Yaya suke aiki? Ƙwayar halitta in za ta rabu biyu, takan shimfiɗa wasu zaruruwa da ke jan kayan gadonta gefe da gefe, kamar yadda masaƙi ke jan zare. Navelbine na hana a shimfiɗa zaren, Taxotere na hana a kwance shi, yadda Susan Horwitz ta nuna a kan taxol a 1979. Ko ta wace hanya, rabuwa ta tsaya. Amma gashi da ɓargo su ma masu saurin rabuwa ne, shi ya sa gashi ke zuba, jini ya yi ƙasa. Guba ce da aka auna, kuma awon nan shi ne ilimin.

A nan nake saɓawa da masu cewa tunda maganin Bature daga itace yake, jiƙon gida ya wadatar. Wanda ya dafa furen nan ya sha bai sha vincristine ba, ya dai wahalar da cikinsa. Uwar da ta ji ƙullutu a nono a Tibiri ko Jiratawa, ta yi wata da watanni tana shafe-shafe da jiƙo, takan iso asibiti ciwo ya riga ya fashe. Ga nisa kuma: cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, inda aka fara gasa ciwon da na'ura a 2021, tana Yamai, sama da kilomita 600 daga nan.

Ban ce a raina masu maganin gargajiya ba, ai jita-jitar jiƙon Jamaika ce ta kai Noble ga abin da bai je nema ba. Sabara, tumfafiya, gwandar daji, duk sun cancanci a bincika su. Sai dai ɗalibaina, rubuta cewa ruwan ganye ya kashe ƙwayoyin daji a kwanon gwaji matakin farko ne kawai, sabulu ma zai kashe su. Aikin da ake jira daga sashen sinadarai shi ne a rubuta inda aka tsinko tsiro da lokacin, a ware sinadaran ɗaya bayan ɗaya, a san siffar kowanne, a haɗa kai da sashen likitanci a auna gubarsa kafin a yi shelar an samo magani a rediyo.