AWON DATA DA KASUWAR MUTUM ƊAYA: Jawabi Ga Jama'ar Tozai, Isa Da Sabon Birni



Iyayena dattawa, ranku ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata da ke saurare ta bayan danga, ina gaishe ku. Manoma da makiyaya, 'yan kasuwa da 'yan kabu-kabu, samari da 'yan mata, sannunku. Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in ya iya karatu, ya ɗaga murya ya karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Ni ɗanku ne. Shekara biyar na yi ina riƙe da alli a makarantar je-ka-ka-dawo kafin jam'iyyarmu ta ɗora mini aikin shirya jama'a a wannan yanki. Zancen tsaro da taki da asibiti kun ji shi a wasu shafuffuka. Ni abin da aka ba ni shi ne zancen wayar da ke cikin aljihunku.

Na san wani zai ce, "Haba Malam! Muna fama da 'yan bindiga, gona ta gagare mu, kai kana zancen data?" To, ku tuna watan Satumba na 2021, lokacin da hukuma ta rufe layukan waya a Zamfara, sannan ta rufe na ƙananan hukumomi 14 a jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Ɗanka yana ci-rani a Legas ko Fatakwal, ba ka san halin da yake ciki ba, shi ma bai san ko kana da rai ba. Kuɗin da yake aikowa ya tsaya. Na kusa da iyaka suka koma neman layin Nijar. A lokacin ne muka gane waya ta zama kamar rijiya da hanyar mota. To, wa ke riƙe da gugar wannan rijiya, kuma nawa yake sayar mana da ruwan?

MENE NE DATA?

Iyayena, data awo ce, kamar yadda ake auna gero da tiya. Duk saƙon murya da ka aika ta WhatsApp, duk hoto, duk karatun malami da ka saurara, duk kuɗin da mai POS ya cire maka, ana ɗiban wani abu daga cikin awon da aka saya. Babban ma'auninta shi ake kira giga. In awonka ya ƙare, sai a toshe maka hanya har ka sake biya.

Wannan ba laifi ba ne, ciniki ne. Amma akwai abubuwa biyu a cikin wanga awo da ba za ku yarda da su a kasuwar Shinkafi ba.

Na farko, wa'adi. Ka sayi tiyar gero da guminka, ka kai gida, ka ci rabi. Bayan kwana bakwai sai mai geron ya shigo har cikin rumbunka ya kwashe ragowar, ya ce wa'adi ya cika. Ko kuma ya ce in kana son ragowarka, sai ka sake sayen wata tiya kafin rana ta faɗi. Wani dattijo ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, wanga abu da aka cewa data, ƙaƙa shi ka ƙarewa ni ko ban taɓa shi ba?" Na ce, "Baba, ba kai ka cinye ba, kwanaki suka cinye." Mutumin birni yana da sabis dare da rana. Mu kuwa sai a yi kwana uku babu, amma lissafin wa'adi bai tsaya ba ko na awa ɗaya.

Na biyu, talaka ya fi mai kuɗi biya. Wanda ya sayi babban awo na wata guda, kowace giga tana zo masa da rahusa. Wanda ba shi da hali sai ƙaramin awo na kwana ɗaya, in ka tara abin da ya biya a wata, ka ga ya sayi gigarsa da tsada fiye da Alhajin birni.

Ni kaina na gani. Shekarar da na kai ɗalibaina rajistar jarrabawar JAMB, iyayensu suka yi karo-karo muka sayi data don yara su koyi amsa tambaya a kan waya, tunda da kwamfuta ake yin jarrabawar. Sabis ya ɗauke, muka yi ta hawa tudu muna ɗaga waya sama kamar masu neman wata. Ranar da ya dawo, sai ga saƙo da Turanci wai wa'adi ya cika. Kuɗin marayu da 'ya'yan manoma ya tafi a banza. Ba wanda ya ba mu haƙuri, don sun san ba mu da wurin zuwa.

KASUWAR MUTUM ƊAYA

Dattawa, ku kun fi ni sanin wannan. Zamanin da ake kai gyaɗa da auduga Ƙauran Namoda, mai saye ɗaya ne, wato Hukumar Ciniki da dillalanta. Su ke da sikeli, su ke yanka farashi. Manomi bai da ta cewa, ko ya sayar ko ya mayar gida. Haka aka yi ta yi har aka rushe waɗannan hukumomi a 1986. Jiya mai saye ne ɗaya, yau mai sayarwa ne ɗaya. Sikelin dai yana hannun wani.

A takarda manyan kamfanonin waya huɗu ne a Nijeriya: MTN, Airtel, Glo da 9mobile, wanda ya koma T2 a 2025. Amma ƙididdigar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta shekarar 2025 ta nuna MTN kaɗai ke da fiye da rabin layukan ƙasar nan, Airtel kuma wajen kashi ɗaya cikin uku. Wato cikin kowane layi goma, fiye da takwas na kamfani biyu ne. Wannan lissafin ƙasa ke nan baki ɗaya. A ƙauyukanmu kuwa kowa ya sani, layi ɗaya ke kamawa, in an yi sa'a biyu, wani wurin ma babu ko ɗaya.

Tun 2013 aka ba da dama mutum ya koma wani kamfani da lambarsa in bai ji daɗin nasa ba. Madalla. Amma mutumin Tozai ya koma ina? Wanda ke da rumfa ɗaya tak a kasuwa ba ya rage farashi, ba ya cika mudu, ba ya ma amsa sallama.

GASA TA TAƁA YI MANA RANA

Kada wani ya ce muku haka Allah ya yi abin. A 2001 aka fara wayar salula a ƙasar nan, bayan kowane kamfani ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasin. A lokacin layi kaɗai yana kai naira 20,000 ko fiye. Kira kuwa naira 50 ne minti ɗaya, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce waya ta yanke, an ci kuɗin minti cif. Jama'a suka yi ta kuka a riƙa lissafi da daƙiƙa, kamfanoni suka ce ba zai yiwu ba tukuna. A watan Agusta na 2003 Glo ya shigo kasuwa da lissafin daƙiƙa. Kafin a ce me, abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu ga kowa, kuɗin layi kuma ya yi ta faɗuwa har talaka ya mallaka. Roƙo bai yi ba, kuka bai yi ba. Sabon mai rumfa ne ya yi.

Haka aka yi a Indiya a 2016, da wani sabon kamfani mai suna Jio ya shigo, farashin data ya faɗi warwas. A Afirka ta Kudu kuwa, mahaifar MTN, matasa suka tashi da kukan tsadar data. Hukumar kula da gasa ta ƙasar ta yi bincike, a watan Disamba na 2019 ta ce farashin manyan kamfanonin biyu yana danne talaka. A 2020 MTN da Vodacom suka rage kuɗin giga ɗaya ta wata daga rand 149 zuwa 99. Can hukuma ta tsaya tsayin daka. Mu a nan, a watan Janairu na 2025, kamfanoni suka nemi a ninka farashi, NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Ɗan aji uku ma ya iya wannan lissafi: abin naira 1,000 ya koma 1,500.

UZURINSU

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye muku ba, kamfanonin suna da nasu kuka. Darajar naira ta faɗi tun 2023, kayan aikinsu da dala ake saye, ƙarafan sabis da man gas suke aiki, kuma ma'aikaci yana tsoron shiga dajinmu gyara. Duk mun yarda. Ɗan kasuwa riba ya fito nema, ba sadaka ba. Shi ya sa ba zai kafa ƙarfe inda yake ganin ba zai mai da kuɗinsa ba, sai fa in doka ta share masa hanya ko ta tilasta shi.

Doka kuwa akwai ta. Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa wani asusu mai suna USPF, wanda ake zuba masa kuɗi daga abin da kamfanoni ke biyan hukuma, musamman don kai sabis karkara irin tamu. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta yi shirin cewa kafin ƙarshen 2025 intanet mai ƙarfi zai kai kashi 70 cikin ɗari. Shekarar ta wuce ba a kai ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Tambayarmu ga waɗanda muka tura Abuja ce: sau nawa kuka miƙe a zauren majalisa kuka ambaci Tozai, ko Turba, ko Gatawa, a kan wannan magana?

ABIN DA JAM'IYYARMU TA ƊAUKA

Sadarwa a hannun Gwamnatin Tarayya take, saboda haka babban aikin yana wuyan Sanatan Sakkwato ta Gabas da ɗan Majalisar Wakilai na Isa da Sabon Birni. Jiha kuma tana da nata kaso. Ga abin da 'yan takararmu suka ɗauka, ku riƙe mu a kai:

1. Ƙarfe ɗaya, layi da yawa. Za mu nemi doka cewa duk ƙarfen sabis da ke karkara, kowane layi ya iya kamawa a kansa. Abu ne mai yiwuwa, don a 2025 NCC ta amince masu layin 9mobile su hau sabis ɗin MTN. A mai da shi tilas a ƙauyuka, mu sami zaɓi.

2. Abin da ka saya naka ne. A yi doka kada data ta ƙone saboda kwanaki. Ranar da babu sabis kuma kada a lissafa ta cikin wa'adi.

3. A daidaita awo. Kada gigar talaka ta fi ta mai kuɗi tsada ninki-ba-ninki. Bayanin farashi da wa'adi a aiko shi da Hausa.

4. Asusun USPF ya zo gida. Wakilinmu zai nemi lissafin abin da aka kashe a Isa da Sabon Birni, ya karanta muku shi a fili kowace shekara, ya kuma nemi ƙarafa masu aiki da hasken rana a mazaɓun da ba su da sabis.

5. A buɗe hanyar faiba, wato wayar intanet da ake binnewa a ƙasa. Gwamnoni sun amince a 2020 kada kuɗin haƙa ya wuce naira 145 a kowace mita, Kaduna ma ta yafe shi ɗungum. Za mu nemi haka a jiharmu, bisa sharaɗin wayar ta iso Isa da Sabon Birni, ta shiga makarantu da asibitoci, kuma ƙananan kamfanoni su iya saye daga gare ta su sayar mana.

6. In dole ta sa a rufe sabis saboda tsaro, a faɗi ranar buɗewa, majalisa ta sa ido, a kuma mayar wa mutane datar da ta ƙone.

KAFIN RANAR ZAƁE

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, namu ne ko na wasu, ku ce ya fito da wayarsa a tsakiyar gari ya kira gidansa. In ta ƙi shiga, ku tambaye shi me zai yi a kai, kuma yaushe. In kamfani ya cuce ku bai saurare ku ba, lambar kai ƙara ta NCC ita ce 622, kyauta ce. Ku kira, ku sa 'ya'yanku su kira, a san muna nan.

Ku kuma tuna, tun zaɓen 2023 na'urar BVAS ke ɗaukar hoton sakamakon rumfa, kuma sai da sabis take iya aika shi. Garin da ba shi da sabis, sakamakonsa sai ya yi tafiya a hannun mutane kafin duniya ta gani. Saboda haka ranar zaɓe kada ku watse. Ku jefa ƙuri'a, ku tsaya a ƙirga a gabanku, wakilinmu ya karɓi takardarsa da sa hannu.

Iyayena mata, ku adana katin zaɓe inda kuke adana kuɗin adashi. Samari, kada ku sayar da shekara huɗu a kan katin waya na kwana ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku fito ƙwanku da ƙwarƙwatarku ku dangwala wa jam'iyyarmu, daga sama har ƙasa.

Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, ya mayar da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, ya ba mu damina mai albarka. Allah ya ba mu sa'a, amin.

Wassalamu alaikum.