AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Yaya Ake Zaɓen Kayan Ƙafar Baya Na Motar Tsere?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, wanda ya ce sana'arsa jigilar hatsi da akori-kura tsakanin kasuwannin ƙauye. Ya ce ɗansa ya nuna masa bidiyon wasu motoci a Amurka suna tashi biyu-biyu kamar an harba kibiya, har gaban wata yana ɗagawa sama. Yana tambaya, wane irin sifirin da shokozoba ake sa musu a baya? Yaya masu su suke zaɓa? Kuma in ya samu irinsu, motarsa za ta ƙara ƙarfi?

To malam, mun gode. Wannan da ka gani shi ne tseren miƙaƙƙen layi. Babu kwana, babu zagaye. Motoci biyu ne za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, fitila ta ba da kore, su fizga. Tsawon filin rubu'in mil ne, wato mita 402. Babbar ƙungiyar da ke kula da wasan a Amurka ita ce NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a jihar Kalifoniya cikin 1951.

Tun da tafiyar gajeriya ce, yawanci a wurin tashi ake cin tseren ko a faɗi. Kuma kai kanka ka san sirrin. In akori-kurarka ta maƙale a taɓo ba kaya, tayar baya sai ta yi ta juyawa a banza. Me kake yi? Sai ka ce samari su hau baya su danne. Haka abin yake a can. Komai ƙarfin inji, in taya ba ta kama ƙasa ba, hayaƙi kawai za a sha. Saboda haka aikin kayan ƙafar baya a motar tsere guda ɗaya ne: su danna tayoyin biyu a kan kwalta daidai wa daida a lokacin tashi.

Abubuwa biyu ne ke hana hakan. Na farko, yayin da taya ke juyawa gaba, gidan aksul yana ƙoƙarin juyawa baya. In motar mai sifirin na falle-falle ce irin taka, sai sifirin ya lanƙwashe, ya sake, ya kuma lanƙwashewa, taya ta riƙa tsalle-tsalle. Wannan tsallen ne ke karya aksul da mahaɗin farfela. Na biyu, murɗawar farfela takan rage nauyi a kan tayar baya ta dama, ta ƙara wa ta hagu, sai motar ta nemi karkata. Duk kayan da ake saye daga kamfanonin waje, ba na kamfanin da ya ƙera motar ba, maganin waɗannan biyun ake nema.

Kayan hawa uku ne, kuma tambayar farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce, wai motar nan za ta ci gaba da hawa titi ne, ko kuwa ta filin tsere ce kurum?

In tana hawa titi, akan bar mata sifirinta, a ɗaura wani sandan ƙarfe a ƙarƙashinsa kowane gefe domin ya hana shi lanƙwashewa. Kamfanin Calvert Racing ya yi suna da irin nasa mai suna CalTracs. Da noti ake ɗaura shi, kuma shi ne mafi sauƙin kuɗi. Tun cikin shekarun 1960 ma, kamfanin Chrysler ya riƙa sayar wa 'yan tsere sifirin da na dama ya bambanta da na hagu, don maganin karkatar nan.

Hawa na biyu shi ne ƙarfe mai siffar tsani. Guda biyu ne, kowanne ya kama gidan aksul a wuri biyu, ya kama shasi a wuri ɗaya. Yana da ƙwari, saitinsa ba wuya. Amma fa ba ya son hanya mai gargada. In taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya tana tudu, ba ya ba da kai, sai walda ta fara tsagewa.

Hawa na uku shi ne mai sanduna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da faranti masu huji da yawa. Sauya huji ɗaya yana sauya irin dukan da taya za ta yi wa ƙasa. In dukan ya yi yawa, taya ta murƙushe ta yi tsalle, ko gaban mota ya tashi sama fiye da kima. In ya yi kaɗan, ta yi santsi. Wannan shi ne na ƙwararru, amma sai da sikeli a ƙarƙashin kowace taya da bakanike wanda ya san kan abin. Wanda ya saye shi bai iya saiti ba, mai ɗan sandan nan na araha sai ya wuce shi. Mai tsani da mai sanduna huɗu duka suna bukatar walda ta gwani, da ƙarin ƙarfe da zai hana aksul zamewa gefe.

Sai batun shokozoba da sifirin mai naɗi. Ba a sayen sifirin da ka. Sai an auna nauyin bayan motar da direba a ciki, a zaɓi wanda zai ɗauke shi ba tare da ya yi tauri ba. Shokozobar tsere kuwa tana da maɓallin saiti. Akwai mai ɗaya, akwai mai biyu, ɗaya na miƙewa ɗaya na dannuwa. Mai biyu ta fi tsada, ta kuma fi amfani ga mota mai babban inji.

To yaya suke gane an dace? Ba da jin jiki ba. Bayan kowane gudu akan ba direba 'yar takarda mai nuna sakan nawa ya yi a ƙafa 60 na farko, kimanin mita 18. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Masu hankali abu ɗaya suke sauyawa, su gwada, su rubuta, kana su taɓa na gaba.

Akwai kuma dokar tsare rai. A ƙa'idar NHRA, motar da ke gama rubu'in mil cikin sakan 10.99 ko ƙasa da haka tilas ta sa aksul na musamman mai ƙarfi. Da yawa sukan ɗauki samfurin aksul na Ford mai inci 9, wanda kamfanin ya ƙera daga 1957 zuwa 1986, har yau kuma wasu kamfanoni na yin irinsa. Wani abin mamaki, motocin da suka fi kowa gudu, ajin Top Fuel, ba su da sifirin a baya sam, an ɗaure aksul ne a jikin shasi. Sukan wuce kilomita 500 a awa. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a hatsarin tsere cikin 2008, aka rage musu tsawon fili zuwa ƙafa 1,000, su da ajin Funny Car. Ka ga ko da shinge da motar asibiti a gefe, abin yana cin rai, balle a kan hanyar kasuwa.

Yanzu ga amsar tambayarka ta ƙarshe. A'a malam, kada ka ɓarnatar da kuɗinka. Waɗannan kaya ba sa ƙara wa inji ƙarfi, kuma an yi su ne don gudun 'yan sakan a shimfiɗaɗɗiyar kwalta ba lodi. Taka kuwa buhunan masara take ɗauka a kan burji. Kowane allazi da nasa amanu. Abin da za ka ɗauka a wurinsu shi ne tsarinsu: ka san aikin motarka da nauyin da take ɗauka kafin ka shiga kasuwar kayan gyara. Ka riƙa duba santabol da notocin da suka ɗaure sifirin da aksul, da bushin. Shokozobar da ke yoyon mai ta gama aiki, kuma biyu ake sauyawa tare, dama da hagu. In bakanike ya ƙara maka fallen sifirin, ka tuna bai ƙara wa aksul da taya da birki ƙarfi ba, don haka lodin yana nan da iyakarsa.

Da fatan ka gamsu. Sauran masu sauraro, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.