Katin Soja Ya Bi Soja: Jawabi a Bikin Yaye Masu Kula da Rumbun Bayanan Lafiya, Kafin Hausa



Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa. Ranka ya daɗe Hakimi, wakilin Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nasara. Yallaɓai Kwamanda da hafsoshin da suka rako ka daga Dutse, likitoci da malaman jinya, malaman da suka ba da wannan horo, Magajiyar bariki da iyayenmu mata, dagatai da masu unguwanni, sai ku 'ya'yana da ake yayewa yau, masu kaki da farar hula, ina yi wa kowa barka da zuwa Kafin Hausa.

An ba ni wannan dama ne saboda na yi shekaru masu yawa ina jinyar sojoji kafin in ajiye kaki in dawo gida. Don haka zan fara da abin da idona ya gani.

Wani dare da damina aka shigo mana da wani kofur a bayan mota. Harsashi ya same shi a cinya, jini ya zuba sosai, ko sunansa ba ya iya faɗa. Abokansa suka ba mu suna da lamba, iyakar abin da suka sani ke nan. Fayil ɗinsa kuwa yana can barikin da aka ɗauko shi, tafiyar yini guda cur. Muka gwada jininsa, muka tsayar da zubar, muka yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta dangin fenisilin, kamar yadda ake yi wa mai irin wannan rauni. Ba a yi minti biyar ba fuskarsa ta kumbura, numfashinsa ya sarƙe. Allah ya sa yana da sauran shan ruwa, muka samu muka ceto shi da kyar. Bayan mako uku fayil ya iso. Na buɗe shafin farko, sai ga rubutu da jan biro, an ja masa layi biyu: jikin wannan soja ba ya karɓar fenisilin. Wani malamin jinya da ban taɓa gani ba ya sauke nauyinsa tun shekara huɗu kafin wannan dare. Gargaɗin yana nan a rubuce, nisa ne kawai ya hana shi zuwa gare mu. Har yau idan na tuna jan biron nan sai jikina ya yi sanyi.

Manomi a Bulangu ko Sarawa yana iya ƙare rayuwarsa da kati ɗaya a asibiti ɗaya. Soja ba haka yake ba. Yau an yaye shi a Dafo na Zariya, gobe yana Kaduna, jibi sigina ta zo an tura shi Maiduguri cikin rundunar Haɗin Kai, daga can sai dajin Zamfara. In rauni ya yi tsanani a ɗauke shi zuwa asibitin 44 na Kaduna ko na 68 da ke Yaba a Legas. Kowane zango ya yada sai an yanka masa sabon kati, tarihin jikinsa ya warwatse gida biyar, babu likitan da ya taɓa ganin sa a haɗe. Kakanninmu da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun dawo da ɗan littafin sallama, suka naɗe shi a tsumma suka adana kamar laya, domin shi kaɗai ne shaidarsu. Wanda gara ta cinye wa nasa, shi ke nan. Bai kamata jikokinsu su ci gaba da zama a wannan hali ba.

Abin da muke ƙaddamarwa yau sunansa rumbun bayanai, kuma wanda ya raɗa masa wannan suna da Hausa ya san gona. Kowa a zauren nan ya san rumbu. Amma wannan yana da ɗakuna a ciki: ɗaki guda na sunan soja da shekarunsa da rukunin jininsa da ko yana ɗauke da sikila, wani na kowane zuwa da ya yi asibiti, wani na magunguna, wani na sakamakon gwaji, wani na alluran rigakafi. Igiyar da ta ɗaure su duka ita ce lambar soja. Wani masani mai suna Edgar Codd na kamfanin IBM ne ya shimfiɗa wannan dabara a 1970: a rubuta kowane bayani sau ɗaya a wuri ɗaya, sauran su riƙa komawa gare shi ta hanyar lamba. Saboda haka idan malamin jinya a Dutse ya shigar da cewa jikin wane ba ya karɓar magani kaza, duk likitan da aka haɗa da rumbun, da zarar ya buga lambar, gargaɗin ne zai fara tarar sa.

'Ya'yana, bari in tsaya a kan lambar nan, domin a nan ne za ku fi yin tuntuɓe. Mu Hausawa muna da arzikin suna. Mutum ɗaya ne Abubakar a takardar ɗaukar aiki, Garba a bakin abokai, Habu a wajen uwarsa. Muhammadu kuwa ana rubuta shi iri huɗu ko biyar, ga shi kuma Mamman. A bataliya guda kana iya samun Musa Ibrahim uku, kuma kun san yadda ɗaya ga Janairu ta zama ranar haihuwar duk wanda ba a rubuta tasa ba. Idan kuka nemi mutum da suna kawai, ɗayan biyu zai faru: ko ku raba mutum ɗaya gida uku, ko ku haɗe mutum biyu a fayil guda. Na biyun ya fi muni, domin ta haka ake ƙara wa mutum jinin da ba nasa ba. Ku tambayi lamba, ku karanta masa ita ya ji, ku dubi katin shaidarsa, sannan ku taɓa kwamfuta. Matarsa da 'ya'yansa ma kowa da nasa fayil, a rataye da lambar maigida. Layi zai yi tsawo, samanja zai matsa muku ku yi sauri. Ku ba shi haƙuri, ku yi daidai.

Kwamfuta ba ta san ƙarya ba, ba ta kuma san gaskiya ba. Abin da kuka zuba mata shi za ta riƙe. Wanda ya loda damin gero bai bushe ba, kada ya zargi rumbu idan ya tarar da ruɓa. Gurbin da ba ku san amsarsa ba ku bar shi, ku je ku tambayo. Kada ku cike shi da zato don allo ya yi kyau.

Akwai wani amfani da ba a gani a rana ɗaya. A 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila a Scutari. Ana tunawa da ita da fitilar da take zagaya marasa lafiya da ita, amma babban aikinta ƙirga ne. Da aka tara alkaluma sai ta nuna wa hukuma cewa cututtuka irin su kwalara da atini da zazzaɓin taifot sun fi harsashi cin sojoji nesa ba kusa ba, kuma wannan lissafi ya sa aka gyara tsabtar barikoki da asibitoci. Mu nan Jigawa mun san sanƙarau da bazara, mun san amai da gudawa da damina, mun ga mashaƙo a 2023. Bariki wuri ne na cunkoso, ɗaki ɗaya mutum da yawa, famfo ɗaya layi guda. Idan yara biyar daga layi ɗaya suka zo da gudawa cikin kwana uku, katunan takarda ba za su gaya wa kowa ba, domin kowanne yana kan kantarsa. Rumbun zai nuna wa likita da safe, a je a duba ruwan kafin biyar su zama hamsin. Haka zai gaya wa Kwamanda mutum nawa ne ba su cika rigakafi ba kafin a tura su daji, ya gaya wa mai sito wane magani ne ya kusa ƙarewa.

Yanzu sai maganar da ta fi nauyi, kuma Yallaɓai Kwamanda, ina neman afuwa, zan faɗe ta a gabanka. Abin da ke cikin rumbun nan amana ce. Haƙƙin kwamanda ne ya san ko sojansa zai iya aiki, ko yana bukatar hutu, da kwana nawa. Sunan cutar kuwa tsakanin soja ne da likitansa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta sirrin marar lafiya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ƙarfafa shi. Na ga samari sun dawo daga Sambisa da bakin Tafkin Chadi jikinsu lafiya lau, amma ba sa barci, ƙarar ƙofa kawai ta sa su zabura. Na ga masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da suka gwammace su sayi magani a ɓoye a gari mai nisa. Irin waɗannan, in suka ji ƙishin-ƙishin cewa abin da suka gaya wa likita da safe ya isa kasuwar mami da yamma, ba za su sake zuwa ba, kuma mu ne muka kore su. Saboda haka kowannenku da kalmar sirrinsa, ba a ba da aron ta ko ga aboki ko ga na gaba da kai. Rumbun yana rubuta wanda ya buɗe kowane fayil da lokacin da ya buɗe. Kada a ɗauki hoton allo da waya, kada a tura sakamakon gwaji ta WhatsApp. Ku tuna kuma cewa adadin marasa lafiya a runduna labari ne da abokin gaba zai biya kuɗi ya samu.

Manomi mai hankali ba ya zuba amfanin shekara a rumbu ɗaya. Ranar 12 ga Yuli, 1973, gobara ta tashi a ma'adanar takardun sojojin Amurka a birnin St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, ba su da kwafi a ko'ina. Tsofaffin sojoji sun sha wahalar tabbatar da haƙƙinsu shekara da shekaru. A 2005 kuwa, da guguwar Katrina ta nutsar da New Orleans, bayanan asibitin tsofaffin sojoji na garin suna cikin kwamfuta, aka kwashi kwafinsu zuwa Houston, likitoci suka ci gaba da duba mutanensu. Mu ba ma bukatar a ba mu labarin ruwa, mun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a wannan yanki na kogin Haɗeja. A riƙa kwafe bayanai kullum, a ajiye kwafi guda a wani gini dabam, kuma lokaci-lokaci a gwada buɗe shi a tabbatar yana aiki. Kada kowa ya soka filas ɗin waƙoƙi a kwamfutar asibiti. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle na'urorin asibitoci da dama a Ingila har aka ɗage tiyata, kuma su ba su rasa kuɗi ko ƙwararru ba.

Ina roƙon hukuma abu biyu. A sa sola da batir isassu, domin wutarmu kun san halinta, kuma a ware kuɗin gyara duk shekara, kada bikin yau ya zama shi ne ƙarshen kashe kuɗi. Littafin rajista na takarda ma kada a jefar da shi: ranar da na'ura ta tsaya a rubuta a ciki, in ta tashi a shigar kafin a tashi aiki.

Masu gyaran kuma ba sai an ɗauko su daga Legas ba. Ga Jami'ar Sule Lamido a cikin garin nan, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga makarantar koyon aikin lafiya a Jahun. Manhajar OpenMRS da asibitoci ke amfani da ita a ƙasashe da dama ta samo asali ne a 2004 daga aikin kula da marasa lafiya a Eldoret ta Kenya, kuma a buɗe take ga duk mai son ya koya ya gyara. Yaranmu za su iya, in an ba su dama an kuma biya su haƙƙinsu.

Ku da ake yayewa, wata rana wani saje zai ajiye kaki ya dawo ƙauyensu da ciwon baya ko kunnen da ƙarar bindiga ta kashe. Zai je neman fansho da kuɗin magani, a ce ya kawo shaidar cewa a bakin aiki ya samu. Layin da ɗayanku ya shigar yau, da kwanan wata da sunan likita, shi zai tsaya masa, ko ya tsaya wa matarsa da marayunsa in ba ya nan. Ba zai san sunanku ba, kamar yadda ban san sunan mai jan biron nan ba. Allah ya san ku.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ikon riƙe wannan amana. Allah ya jiƙan sojojinmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba masu rauni lafiya, ya dawo da na daji gida lafiya, ya zaunar da Jigawa da Najeriya lafiya. Ranka ya daɗe, da izininka, ina gayyatar Yallaɓai Kwamanda ya matso gaban kwamfuta ya ba da lambarsa, ɗalibar da ta zo ta ɗaya ta buɗe masa fayil na farko, sannan a fara miƙa takardun shaida.